Ranar da Yaya Binta ta lashi dutse

Ina aji uku na firamare, wata la'asar na leƙa ɗakin Yaya Binta na gan ta tana lasar dutse. Karatun duwatsu take yi a jami'a a Samaru, Zariya, Baba kuwa dama neman dalilin cire ta yake, wai ba karatun mace ba ne. Na san da haka sarai, amma na ruga zaure.

"Baba, aljanu sun kama Yaya, dutse take ci!" in ji ni.

Ya shiga ɗakinta da carbi a hannu. "Ke Binta, abin har ya kai haka? Kin gama makarantar nan."

"Baba, jiƙa shi nake yi. Sai ya jiƙu ƙwayoyinsa suke fitowa a gane irinsa."

Baba ya juya dutsen, ya tofa masa yawu, ya murza da yatsa. Ja da fari suka fito suna ƙyalli.

"Ikon Allah! To, ki riƙa wanke shi tukuna."

Yau ita ke nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse. In na je gidanta sai ta miƙo min tsakuwa ta ce, "Bismillah, ɗan rahoto." Kowa ya yi dariya, ni kuwa kunya nake ji.