Gabas a Cikin Jirgi

Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, hafsan sojan ruwa ne. Bayan yaƙin basasa ya zo hutu gidanmu a Unguwar Shanu. Da la'asar na kai masa tabarmar salla, sai ya tsaya riƙe da ita yana waige-waige.

"Ina gabas, ɗana?"

Na tuntsire da dariya. "Haba Kawu, duk girmanka? Ga ta can wajen mangwaro, ai ba ta tashi."

"A nan ne ba ta tashi. A jirgi kana kabbara tana gabanka, kafin ruku'u ta koma bayanka." Ya sassauta murya. "Wani yarona Bazazzage ya cika a hannuna. Muka sallace shi ana ta harbi, jirgi yana juyawa. Kai da kake karatun allo, an karɓa kuwa?"

Na ce, "Oho," na ruga wajen ƙwallo.

Ya ƙara girma a aiki, ya yi ritaya, ya rasu, ban sake jin ya ɗauko maganar ba. Yau na san amsar, kuma ba ta da wuya. An karɓa, Kawu, in Allah ya yarda.