Gashin Shamuwa

Shekarar da ruwa ya yi mana rowa, Baba ya yi shuka a makare a gonarmu ta bayan Gagarawa. Dawa ta ɗauki ciki, ruwa ɗaya kawai take jira. Ya riga ya faɗa: in bai sauka ba, Kyalla, akuyar da nake kiwo, za a kai ta kasuwar Maigatari a sayar, a sayo hatsi.

Wata la'asar, a kwanakin da dare da rana ke daidaita tsawo, na tsinci gashin tsuntsu a gindin tsamiya, baƙi mai sheƙin kore. Na soka shi a kallabina, ina jin kaina amarya, na ruga wurin Baba.

"Baba, na shamuwa ne! Yau sheƙarsu ta kan tsamiya ba kowa, duk sun tashi."

Ya ajiye fartanya, ya zare gashin, ya juya shi a hannu, sannan ya dubi gabas. Sama fes take. Manya sun san shamuwa da damina take zuwa, da ita take tafiya.

"Ya yi miki kyau, Uwata," in ji shi, ya mayar mini da shi a kallabi. "Ki ƙara wa Kyalla dusa yau."

Har yanzu, idan kaka ta gabato, ba na ɗaga kai in duba tsamiya.