An Sace Jariri a Ɗakin Bakwaini

Da hantsi aka kulle ƙofofin asibitin. Tana tsaye a ƙarshen baranda, inda rana ke shigowa ta taga, sai ta ji kururuwar wata mata daga ɗakin masu jego.

"Ɗana! Ina kuka kai mini ɗana?"

Ta dafe ƙirjinta. Nata yana nan cikin rigarta, fatarsa manne da tata, bargo ya rufe su duka biyun. Bakwaini ne. Ya sha zaman kwalba kafin Likita ta ce a riƙa ɗora shi a ƙirji, ɗumin jiki ya fi masa na inji. Tun daga ranar ba ta yarda wani hannu ya daɗe a kansa ba.

Mai shara ta taho da sauri, bokiti na karo da gwiwarta.

"Kin ji abin da ya faru? An ɗauke jariri a ɗakin bakwaini. Mai gadi ya rantse ba wanda ya fita da yaro. Ɓarauniyar tana cikinmu!"

Mai sharar ba ta jira amsa ba, ta wuce.

Tana cikinmu. Wadda ta iya ɗauke ɗaya za ta iya ɗauke na biyu, kuma nata ko kukan kirki bai iya ba tukuna. In aka fizge shi, wa zai ji?

Ba ta koma ɗaki ba. Ta bi ta bayan ɗakin magani, ta sauka ƙaramin matakalar da masu jinya ba sa bi, ta buɗe ɗakin ajiyar zannuwan gado, ta shige, ta murza makulli. Wurin ƙamshin sabulu yake yi, ba taga sai 'yar kafa a sama. Ta zauna a ƙasa tsakanin kantoci biyu.

A sama ana ta gudu. Ana buɗe ƙofofi, ana bugo su. Matar nan ba ta daina kuka ba, muryarta har ta dushe.

Yaron ya motsa, ya murza hanci a ƙirjinta. Nan take wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya, kafaɗunta suka saki. Likita ta taɓa gaya mata sunan wannan abin, ranar da ta tarar da abincinta ya sandare a kwano ba ta taɓa ba.

"Oksitosin ke nan," in ji Likita tana dariya. "Jiki ne ke fitar da shi idan fata ta haɗu da fata. Yakan rage wa mutum tunanin kansa, ya cika shi da tunanin wani. Amma ki riƙa tunawa da kanki, kin ji? Ki ci abinci, ki je ki kwanta."

To, ta gwada tunawa da kanta, ko zuciyarta ta rage bugu. Me ta ci jiya? Ba ta sani ba. Yaushe rabonta da gida? Ta nemi ƙofar gidan a ranta, ta ga duhu. Ko fuskarta da ta lalubo sai tasa ke fitowa, da ɗan haƙarƙarinsa mai hawa da sauka. Wannan ya fi takun da ke sama ba ta tsoro.

Ranar haihuwarsa dai tana nan daram. Ta tuna jini. Ta tuna fitowarsa shuɗi, ba motsi, ba kuka. Ta tuna hannunta na murza bayansa tana cewa, "Yi mana, yi mana," har ya yi wata 'yar ƙara kamar ta ɗan kyanwa. Zafin naƙudar ne kawai ya ɓace mata. Amma ai mata kan ce mantawa ake yi.

Taku ya sauko matakala. Ba na mutum ɗaya ba. Daga can kuma ƙofar lif, na'urar hawa bene, ta buɗe, wani abu mai taya ya biyo barandar yana ƙugi a hankali.

Ta ja jiki bayan kantar zannuwa, ta rufe kan yaron da tafin hannu. Gumi ya jiƙa bargon. Kada ka yi kuka, ɗan albarka. Kada ka yi.

Ya yi.

Takun ya tsaya. Aka murɗa hannun ƙofar, aka sake murɗawa. Sannan aka ƙwanƙwasa, sannu-sannu.

"Ni ce, Likita. Buɗe mini."

"Kun kama ta?" ta tambaya.

Likita ta matso da bakinta jikin ƙofar.

"Ba wanda zai taɓa shi, na yi miki alkawari. Lafiyarsa ƙalau?"

"Yana jin yunwa."

"Na sani. Shi ya sa muka zo. Buɗe."

Ta miƙe, ta murza makullin. Likita na tsaye, mai gadi a bayanta ya sunkuyar da kai. A gefensu ga keken marasa lafiya, a ciki wata mata ramammiya, robar ƙarin ruwa a hannunta, idanunta sun kumbura. Matar ba ta dubi fuskar kowa ba. Bargon take kallo. Ta miƙo hannu biyu.

Mai rungume da yaron ta ja da baya har ta bugi kantar zannuwa, suka zubo.

"Ita ce! Likita, kada ki bari ta matso!"

Likita ta shigo ita kaɗai, ta dafa kafaɗarta, ta sassauta murya.

"Sista, dube ni. Wannan baiwar Allah tun ranar haihuwa take a sume, sai yau da safe ta farfaɗo. Ke kika karɓi haihuwar a bakin aikinki, ita ta haife shi."