Kibiyoyin Sai-Gobe

Tana cikin ja wa shafin layi da rula mijinta ya zo ya tsaya a kanta.

Sabon littafi ne mai ɗigo-ɗigo, irin wanda wata mai kawo mata ɗinki ta koya mata amfani da shi. Aikin da za a yi, a sa masa ɗigo. Wanda aka gama, a soke shi. Wanda bai samu ba, a ja masa kibiya zuwa gaba. Ita dai ta gaji da manta alkawarin mutane. Ta raba shafi biyu gida-gida, kowane wata da gidansa har ƙarshen shekara, ta zuba burinta a ciki: sabon keken ɗinki, fentin ɗakin yara, ziyarar Inna, koyon tuƙi.

Mijinta kuwa Sai-Gobe ake ce masa daga wurin aiki har gida, kuma wallahi ya ci sunan. Famfon kicin ya fi shekara yana zuba. Ranar da ta sayo littafin, har da riƙe ciki ya yi don dariya, wai tela ta zama akawu.

Yau bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a kan gidan watan ƙarshe.

"Ziyarar Inna me ya kai ta can ƙasa? Dawo da ita watan nan."

"Ikon Allah! Yau kai ne da gaggawa?"

"Ke dai dawo da ita, Maman yara."

Ya karɓi biron daga hannunta ya ja kibiya. Baya ya ja ta, ba gaba ba.

Kafin mako ya zagayo famfo ya daina zuba. Ɗakin yara ya sha fenti. Keken da ta ajiye wa ƙarshen shekara sai ga shi an sauke mata a ƙofar shago, da ledarsa. Kullum ya dawo aiki sai ya nemi littafin, ya bi gidajen ƙasa da ido, ya ɗauko abu guda ya dawo da shi sama. Da farko ta ji daɗi, har tana tsokanarsa wai a sake masa suna. Sai wata safiya ta buɗe shafin ta ga watannin ƙarshe fayau, ba komai a cikinsu sai kibiyoyi.

Daga nan ta sa masa ido. Wandonsa ya yi masa yawa. Abinci sai ya juya cokali ya ture. Waya in ta shigo sai ya fita waje, kuma ta taɓa jin ya ce, "To, likita," ƙasa-ƙasa. Ta tuna watan jiya da ta raka shi asibiti kan tarin da ya ƙi barinsa, aka ɗebi jininsa, likita ya ce tunda ta zo ita ma ta miƙo hannu. Shi kaɗai ya koma karɓar sakamako. Da ta tambaye shi, "Lafiya lau," ya ce, yana kwance igiyar takalmi, bai ɗago ba.

Tsoro ya kama ta sosai. Ita ma abinci ya daina shiga, zobenta ya fara yawo a yatsa, bayanta ya riƙe ko keken ba ta iya daɗewa a kai. Wace mace ce za ta ga mijinta yana tattara komai haka ta ci ta ƙoshi?

Sai ga Yayarta da jaka, ba sanarwa, wai kewa ce ta kawo ta. Ta ƙwace kicin, ta ƙwace wanki, magana ɗaya biyu sai "Je ki kwanta." Idonta jajur, ta ce albasa ce. Ashe har Yaya ta sani! Kowa ya san mijinta na tafiya, ita ce kaɗai aka mayar yarinya. Abin ya yi mata ciwo fiye da tsoron.

Ta yanke shawarar gwada shi. A gidan watan ƙarshe ta rubuta ranar da babbar 'yarsu za ta kammala makaranta, ta bar littafin a buɗe kan tebur. Wannan dai ba kibiyar da za ta matso da shi. Ya dawo da yamma, ya ɗauki biro kamar kullum, ya karanta. Biron ya tsaya a sama. Ya ajiye shi a hankali, ya shige banɗaki, ya saki ruwa da ƙarfi. Duk da ƙarar ruwan ta ji kukansa.

Washegari ta ce wa Yaya shago za ta. Asibiti ta nufa. Matakalar ta ba ta wuya, sai da ta zauna a hanya numfashinta ya dawo. Ko layi ba ta bi ba, ta tura ƙofar likita.

"Likita, don girman Allah kada ka ɓoye mini. Ni matarsa ce, ni zan yi jinyarsa, ni za a bar wa yaran. Saura wata nawa gare shi?"

Likitan ya ɗago ya dube ta. Ya cire tabarau, ya tashi da kansa ya rufe ƙofar, ya jawo mata kujera.

"Mijinki tari ne kawai, malama, kuma ya warke. Zauna. Tun ranar na gaya masa ke ya kamata ki fara ji, domin sakamakon da ya karɓa naki ne."