Jar Hula a Ƙarƙashin Tabarma

Shekara ashirin Dakta Rakiya ta yi tana binciken ciwon kai kafin ta ƙirƙiro hular da ke yin ja idan shanyewar ɓarin jiki ta kusa. Doka ta ce duk wanda ya haura hamsin ya sa ta.

Ranar Juma'a ta je gaida mahaifinta, ta tarar da tsohuwar hularsa a kansa.

"Baba, ina ta asibitin?"

"Tana wajen wanki."

Ta ga tabarmarsa ta yi tudu, ta ɗaga. Ga hular nan, ja wur.

"Baba, ku tashi mu tafi asibiti."

"Zan tashi. Amma fara ce mini yaya jiki, in ce da sauƙi. Shekara uku kaina kuke kallo, ba wanda ya tambaye ni."