Kishiyar Zuzutawa

"Tambaya ta ƙarshe," in ji manajan kamfanin talla. "Mece ce ma'anar tout a Turanci?"

Bature, kamar yadda ake kiransa tun da ya dawo daga karatu a waje, ya gyara zama. Wannan aikin da ya zo nema ne kaɗai zai raba shi da tsaron shagon babansa ba albashi.

"Zuzuta haja, ranka ya daɗe. Asalinta leƙe ne, irin na mai hangen masu saye daga bakin ƙofa."

"Kishiyarta fa?"

"Kushewa."

"Ka ci tambayoyin duka, amma ba zan ɗauke ka ba. Ɗazu babanka ya kira ni, ya ce rago ne kai, ko tsinke ba ka ɗagawa. Wa ya fi uba sanin ɗansa?"

Bature ya fito, ya tarar baban nasa ya tsare maigadi da surutu: "Ga ɗan nawa! Turancinsa, Turawa ma sai da ƙamus!"

Sannan ya dafa kafaɗar Bature. "Ba su ɗauke ka ba ko? Hassada ce. Mu je, an kawo kaya, ba mai saukewa."