Mai Tambaya da Mai An-Gama

Wallahi na san ba za ka yarda da wannan ba, malam, amma gyara zama ka ji. An yi wani mai gyaran injin ban ruwa a wani gari na bakin fadama, ana ce masa Injiniya, ko da yake tun a aji biyu na sakandare ya yi sallama da boko. Hannunsa kuwa babu na biyunsa a ƙasar nan kaf: daga nesa zai ji tarin inji ya gaya maka ciwonsa. Damuwarsa ɗaya ce, in rani ya kama wayarsa ba ta hutawa. Wannan na kira, wancan na turo saƙo, shi kuma hannu dumu-dumu da baƙin mai. Sai aka nuna masa manhajoji biyu na ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda ba surutu kawai suka iya ba, aiki suke yi da kansu: su karanta saƙo, su mayar da amsa, su tsara maka gonar da za ka fara zuwa. Aka ce ya zaɓi ɗaya, ya kuma buɗe ido, don wadda ya ɗauka da sunansa za ta riƙa magana, mai gyara kuwa ba shi da jarin da ya wuce manoma su ce maganarsa ɗaya ce.

Wani da aiki zai gwada su. Shi Injiniya da tsokana ya gwada. Yana da taubashi mai suna Tanimu, mutumin da ko ƙuda bai taɓa ƙoshi a kwanonsa ba. Ranar Alhamis da hantsi ya ce wa manhaja ta farko ta sanar da kowa da ke cikin wayarsa cewa gobe bayan sallar Juma'a akwai walima a gidan Tanimu, za a ci a sha. Sai ta ce, "Tanimu ya san da maganar? In bai sani ba, mutane za su bar gonakinsu a banza, kuma daga lambarka saƙon zai fita. In dakata?" Injiniya ya ja tsaki. Ɗan aike ya nema ko liman? Ya juya ga ta biyu. Kafin ya rufe baki ta ce, "An gama, ranka ya daɗe." A take ya goge ta farko, ya sakar wa ta biyu ragama ta amsa duk abin da ya shigo, ya jefa waya a aljihu, ya gangara fadama yana dariya shi kaɗai.

Abin da bai tuna ba shi ne, cikin "kowa" har da Tanimu. Saƙo ya isa hannun mai gidan da aka gayyaci gari zuwa gidansa. Tanimu bai yi faɗa ba, bai ma kira ba. Layi ɗaya ya rubuta: "Gidana ya yi kaɗan, a mayar da taron gidan Injiniya, tunda shi ne mai gayya." Manhaja ta ce, "An gama." Ta bi kowa da gyara, ta ƙara da kwatancen gida, da safiyar Juma'a kuma ta tuna wa masu mantuwa. Ashe wanda ba ya tambayarka, ba zai tambayi wani ba.

Ana sallame Juma'a Injiniya ya laɓe gindin darbejiya kusa da gidan Tanimu, yana jiran ya ga marowaci yana rantse-rantse a gaban jama'a. Shiru. Ƙofa a garƙame, sai akuya ɗaya tana tuƙa. Ya gaji ya nufi gida yana cewa mutanen yanzu ba su san darajar gayyata ba. Yana shan kwana sai ga babura jere har bakin kwata, an shimfiɗa tabarmi, manoman da yake wa gyara sun cika ƙofar gidansa, har da liman. A tsakiyarsu Tanimu ne cikin babbar riga, ya riga ya wanke hannu.

"Barka da zuwa, mai gayya," in ji Tanimu. "Mun ce ko kasuwa ka tsaya sayo yaji."

"Kai, Tanimu, ka ji tsoron Allah."

"Ni? Lambar wa ke jikin saƙon, ɗan kawu?"

To, me zai ce? Ya ce wasa ne, gobe in ya ce wa manomi yana nan tafe, wa zai jira shi? Ya ce gaskiya ne, ina tukunya? Ya dubi fuskokin nan, ya ce a yi haƙuri, nama ne bai nuna ba. Aka kama bunsurunsa, aka bi zabinsa har bayan gari, maƙwabta suka kawo tukwane da itace. Kafin la'asar sakaliya an ci an yi hamdala, liman ya sa albarka, manoma suka tafi suna cewa Injiniya mutum ne, in ya faɗa ya cika. Tun kafin a naɗe tabarmi ya zaro waya ya dawo da mai tambayar nan, har yau kuma ita ke riƙe masa aiki, saƙo ba ya fita sai ta ce, "Ka tabbata?"

Zabi tara na yanka ranar, malam. Wato, ya yanka. To, shi ke nan, kada ka dube ni haka, ka kama ni: cinyar bunsurun ma da hannuna na miƙa wa Tanimu, yana ci yana yaba gishiri. Gaskiyar masu iya magana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.